Sun Fasa Mini Dokin Ƙofa

Daren Talata, tsakiyar damina

Yau ɗana Nasiru ya zo daga Sakkwato da magini, ko zama bai yi ba. Wai tunda na yi tuntuɓe da dokin ƙofar ɗakina ran Juma'a, dole a fasa shi a daidaita da ƙasa. Na ce, "Kai, mi ya yi maka? Tun ba a haife ka ba yake tare mana ruwa."

Ya ce, "Baba, ƙafarka ba ta ɗaguwa yanzu. In ka sake faɗuwa, wallahi Sakkwato zan tafi da kai." A gaban baƙo ya faɗa mini haka, a gidan da na gina da gumina.

Suka fasa. Nasiru ya ajiye mini sabuwar sanda, ya wuce Ƙonni harkar kasuwarsa.

Bayan la'asar hadari ya taso daga wajen Kalmalo. Ruwan tsakar gida ya kwararo cikin ɗaki, ya jiƙa buzun sallata. Na sauko daga gado in ɗauke shi, santsi ya kwashe ni. Na daɗe a ƙasa ina kiran uwar Nasiru, na manta ta rasu.

Ɗazu ya bugo waya. "Baba, ka ji sauƙin shiga yanzu ko?" Na ce lafiya lau. Kwankwasona yana ta zugi, amma ba zai ji daga bakina ba. Gobe in na iya tashi, zan kwaɓa laka in mayar da abuna.