Suwidancin Mama da Digirin Pihla

Tampere, ranar Lahadi, cikin watan Yuni

Zuwa ga Yayana Pentti,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Yaya Doreen da yara da jikoki a can Kanada. Ubangiji ya ƙara maka lafiya, ya sassauta maka gwiwar nan da ka ƙi kai wa likita don taurin kai irin na Baba. Mu nan ƙalau muke. Maigidana Jouko yana can bukkarmu ta bakin tafki yana fama da rufin sauna, ɗakin wankan tururin nan namu, na kuwa ce masa in ya faɗo kada ya neme ni. Mama tana nan a gidan kula da tsofaffi, tana cin abinci, sai dai mantuwa ta ƙaru. Maganarta ce ta sa na ɗauki biro, amma bari in fara da ta Pihla, don a haɗe suke.

Ka san autata Pihla karatun haɗa kwamfutoci take yi, wato yadda ake sa na'urori su riƙa aika wa juna saƙo. Duk sharuɗɗan da jami'a ta shimfiɗa ta cika su. Ta ci lissafi, ta ci tsaron hanyoyin sadarwa, ta yi watannin koyon aiki tana rarrafe a ƙarƙashin teburan mutane tana jan waya, ta kuma miƙa dogon rubutun kammalawa da ban gane ko shafi ɗaya a cikinsa ba. Wani kamfani a Oulu, can arewa nesa da mu, ya ce ta zo ta fara aiki a watan Agusta, amma sai da takardar digiri a hannu. Abu ɗaya ya tsaya mata a wuya, jarrabawar Suwidanci, harshe na biyu na ƙasar nan, wadda har yau ba a ba da digiri sai an ci ta a rubuce da kuma a baki. Tun shekarar farko take ɗaga ta, wai ita da na'ura za ta yi magana, ba da mutanen Stockholm masu harshen ba. Da ta shiga, ta tsallake rubutun da ƙyar, ta bakin kuwa ta faɗi warwas. Na ce mata wanda bai ji bari ba ya ji hoho, amma raina ya ɓaci, don dama ɗaya ta rage mata kafin Agusta, ni kuma ɗan Suwidancin da na yi a makaranta ya daɗe da bin ruwa.

Kai ne ka yi sa'a, Yaya, ka zauna wurin iyayen Mama a Närpes, inda kowa Suwidanci yake yi, har ka isa shiga makaranta, harshen ya zauna maka a baki. Ni hutun bazara kawai na samu. Ka tuna rumfunan gilashi na tumatir, da warin ganyensa da ba ya barin hannu ko an wanke? Ka tuna kifin da Kaka take yi wa banda a bayan gida, muna sata tun bai huce ba? Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Mama da ƙannenta zaune a matakalar sauna, gashi a jiƙe, suna zuba hira da Suwidancinsu na ƙauye suna dariya har da hawaye. Da mun hau motar komawa Tampere sai ta naɗe harshen nan ta ajiye kamar kayan biki, don Baba ya ce ba ya son a riƙa yi mana ba'a a unguwa. Ba ta taɓa yi masa musu ba, ni ma ban taɓa tambayarta ko yana yi mata ciwo ba.

To tun lokacin sanyin nan Finnancin Mama, harshen da muke yi da ita a gida, ya fara zubewa, yanzu babu abin da ya rage mata sai Suwidancin Närpes. Masu kula da ita mutanen kirki ne, amma ba sa ji. Ni kuwa sai in zauna in riƙe hannunta, ta yi ta magana, ta tsaya tana kallona tana jiran amsa, in gyaɗa kai kawai. Wallahi abin yana cina, uwata ce ta haife ni, ga mu zaune kamar baƙi a tasha.

Jouko ne ya ce wa Pihla cikin wasa ai ga malama can, kakarta, tana zaman banza. Pihla ta tafi wurin Mama tana zumɓura baki, da littafinta a hannu. Mama ta ture littafin, ta shiga aikenta da Suwidanci, ta sa ta buɗe taga, ta sa ta taje mata kai, ta sa ta zuba kofi, tana yi Mama tana faɗa wai yarinya har ta yi girman aure ba ta iya riƙe buta ba. Da haka da haka sai ga Pihla ba ta fashin zuwa, tana dawowa tana kwashe mini abin da suka tattauna. Ashe a wurin rawa Mama ta haɗu da Baba, kuma da farko ƙin sa ta yi saboda ya tattake mata ƙafa. Na kusa shekara sittin ban san wannan ba, sai daga bakin 'yata.

Ranar jarrabawa malamar ta ce ta bayyana mata aikinta. Pihla ta buɗe baki ta yi ta bayanin wayoyi da na'urori, matar kuwa ta yi dariya har ta cire tabarau, ta tambaye ta ina ƙaramar yarinya ta samo Suwidancin tsofaffin manoman tumatir. Ta ce rabinsa babu shi a littafi, amma babu mai cewa ba ta iya magana ba. Ta ba ta maki mafi ƙasa da ake ci da shi, mu dai hamdala muka yi. Takardar digiri ta fito, Pihla tana ɗaure kaya.

Na yi ta roƙon Allah ta ci, ta kuma ci, ga shi cin nata zai ɗauke wa Mama mutum ɗaya tilo da yake amsa mata. Ban faɗa wa Pihla haka ba, kuma ba zan faɗa ba, tafiyarta za ta yi. Ta haɗa wa Mama ƙaramin allon kiran bidiyo a gefen gado, wanda in ka kira zai buɗe da kansa. Don Allah, Yaya, ka riƙa kira, ko da Suwidancin naka ya yi tsatsa. Wataƙila ba za ta gane fuskarka ba, amma za ta yi magana a amsa mata.

Ka gaishe da Yaya Doreen, da Aaron da matarsa, da ƙaramar Elsie mai ƙiriniya. Jouko da Pihla suna gaishe ku. Ubangiji ya tsare mu, ya sada mu da alheri.

Taka ƙanwarka,
Marketta