Tsohon da Ke Tsaron Gada

Zuwa ga Maman Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Yaya jikin Mama? Allah Ya ƙara sauƙi, Ya ba ki ladan jinya. Man shafawar yana cikin ledar da direba zai miƙa miki. Rubutu na zaɓa, don a waya faɗa za ki rufe ni da shi.

Na yi ɓarna. Ranar Litinin sakamakon Auta ya fito, ta faɗi lissafi. Na dawo daga shago da ƙurar katako har cikin kunne, na tarar da ita gaban talabijin da na'urar wasan da yayanta ya bar mata. Raina ya ɓaci. Ta miƙe za ta yi min bayani, in'inar nan tata ta riƙe mata harshe, na ce na san abin da za ta faɗa. Na fizge abin dannawar, na lalubo wurin gogewa, na goge duk abin da ta ajiye.

Na zaci kuka za ta yi in lallashe ta. Ko hawaye. Ta kalli allon, ta kalle ni, ta shige ɗaki. Yau kwana shida ke nan. Tana durƙusa min da safe, tana kawo min ruwa, amma kalma ɗaya ba ta haɗa mu ba.

Jiya na kira yayanta a jami'a. Na gaya masa abin da na yi. Ashe wasan kashi uku ne, labari guda, kuma abin da mutum ya aikata a na farko yana bin sa har na uku. Shekara uku yarinyar nan tana gina jarumarta. Wai duk matakin da aka hau ana ba da maki, mutum ya zuba a ƙarfi ko tsafi ko harbin baka. Ita duk nata a iya magana ta zuba. Ba ta taɓa kashe kowa ba, da baki take raba yaƙi. Kuma kafin ta danna amsa, sai ta karanta ta a fili. Ni da nake jin muryarta daga tsakar gida ina cewa waƙa take bi. Ke kin san da wannan?

Kada ki tayar da hankalinki. Shekara talatin ina kafinta, ban ga abin da ya lalace ya gagari gyara ba. Ki gaida Mama.

Mijinki,
Baban Auta


Zuwa ga Maman Auta,

Sallama da gaisuwa. Na ji daɗi da kika ce Mama ta fara takawa. Faɗan da kika aiko ya iso, na karanta shi sau biyu.

Kada ki yi dariya. Mako uku ke nan, da Auta ta tafi makaranta sai in ja ƙofar shago in dawo falo. Yayanta ya ce tana mataki na ashirin da biyar a kashi na uku, na ce to nan zan mayar da ita. Na zaɓi mace, na sa mata sunan da ya gaya min, har koren mayafin da jarumarta ke yafawa na nemo. Na gwada hanyar maganar nan kwana ɗaya na ga ba za ta fisshe ni ba, surutu ba iyaka, matakin ba ya motsi. Sai na juye makin a ƙarfin damtse, na saya mata sulke da wani gatari da ya fi ƙofar ɗakinmu faɗi.

Wallahi ban san haka abin yake ba. Akwai wani dodo mai kai biyu da ya kashe ni sau goma sha tara. Sai da na gane idan ya ɗaga hagu a kauce dama, a sare shi a gwiwa. Ranar da ya faɗi na yi ihun da ya sa maƙwabcinmu leƙowa ta taga. Babban yatsana ya yi kanta, kujerun mutane shida suna jirana ba ƙafa, ni da furfurata ina farautar mayu.

Wuri ɗaya ne ya ba ni haushi. Akwai wata gada da za a haye a shiga gari, da wani tsoho mai tsaronta. Magana yake kamar ana jawo ta da igiya, kalma ɗaya, shiru, wata kalmar. Ga Auta ta kusa tasowa daga makaranta. Na ga alamar gatari a gefen allo na danna, na sare shi na wuce. Mutanen garin suka taso min, su ma na gama da su. Nan take na hau mataki biyu.

Ina na ashirin da huɗu. Ranar Asabar zan miƙa mata kayanta. Har yanzu ba ta ce min uffan ba, ki taya ni addu'a.

Naki,
Baban Auta


Maman Auta,

Ina gaisuwa, ina gaida Mama da jiki.

Bayan mun karya na kira ta falo, na kunna, na miƙa mata abin dannawar ina ta washe baki. Da ta ga sunan da mayafin sai fuskarta ta saki. Ta zauna a ƙasa yadda ta saba. Ba ta duba matakin da na sha wahala a kansa ba, ba ta kalli gatarin ba. Kai tsaye ta nufi gada.

Babu kowa a kai, sai sandar tsohon a yashe. Ta shiga garin tana buɗe ƙofofi ɗaya bayan ɗaya, gidan maƙeri, gidan mai burodi, makaranta. Duk kango. Ni sai a lokacin na ga yawan ƙofofin. Daga baya yayanta ya gaya min, ashe garin nan ita ta sulhunta shi da maƙiyansa tun a kashi na farko, tsohon kuma shi ne abokin tafiyarta na shekara ukun.

Sai ta juyo ta buɗe baki. Harafin farko ya maƙale, leɓenta yana rawa, wuyanta ya ɗaure. Na ji ƙarshen maganar ya zo min kan harshe kamar kullum, saura kaɗan in ƙarasa mata. Ban san abin da ya riƙe ni ba. Na dafe gwiwoyina na yi shiru. Ya fi minti ɗaya, kuma ban taɓa sanin minti yana da tsawo haka ba.

Abin da ta faɗa bai kama hanyar wanda na shirya mata ba. Na ɗauka cewa za ta yi ta tsane ni. Cewa ta yi tsohon ba ya hana kowa wucewa, wanda duk ya tsaya ya ji ƙarshen maganarsa yana buɗe masa, har ya raka shi. Ta ce mutane da yawa ba sa jira, ita ta san yadda abin yake. Ta ajiye abin dannawar a kan cinyata, ta ce ta gode da mayafin.

Tun ɗazu nake zaune a shago, ban taɓa zarto ba. Ina ta lalube cikin shekara goma sha huɗun yarinyar nan, ina neman rana ɗaya da na bar ta ta kai ƙarshen zancenta da kanta. Ni a ganina taimakonta nake yi. Ke kina wurin, kin fi ni riƙe abu. Don Allah kada ki rufa min asiri, in akwai ranar ki rubuto min ita, in babu ki ce babu.

Ta ce gobe za ta faro daga kashi na farko. Na tambaya ko zan iya zama kusa, ta ce sai ta yi tunani. Ina jira.

Allah Ya ba Mama lafiya, Ya dawo mana da ke.

Mijinki,
Baban Auta