Jinginar Gonar Gawo

Zuwa ga Na-Gwaggo, a can Kurmi, ko duk inda takardar nan ta iske ka.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da waɗanda kuke kwana ɗaki ɗaya da su. Ni ce mahaifiyarka, kuma da hannuna nake rubutawa. In ka ga baƙaƙen sun karkace ka yi haƙuri da su, da furfura a kaina na koye su.

Ga yadda mutanen gida suke. Ƙanwarka Dije ta sauka lafiya, namiji, an yi suna, yaron yana da ci. Gwaggo Kande da ta goye ka, ƙafa ta kwantar da ita tun tsakiyar damina. Ko wasan bori na bayan girbi ba ta je ba, sai masu goge ne suka biyo suka gaishe ta har ɗaki. Baba Sanda, ƙanen mahaifinka, lafiyarsa lau, bakinsa ma lau. Jakinmu ya mutu. Ni kuwa baya ne ke damuna, sai rashin barci, amma ina tashi.

Lambarka da muke da ita ba ta shiga tun kafin shuka. Shi ya sa na roƙi malamar da ke koya mana karatu ta ɗauki hoton takardar nan, ta sa a zauren waya na ƴan Kurfai da ke Kurmi. Na san kowa zai karanta. Na daɗe ina juya abin a raina kafin in ce a sa. Ban rubuta sunanka na yanka ba, ka san uwa ba ta kiran ɗan fari, amma ƴan garinmu sun san ko wane ne Na-Gwaggo.

Maganar gonar gawo ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Ka tuna lokacin da ciwon mahaifinka ya yi tsanani, aka ce sai babban asibitin Yamai. Mun tafi, mun dawo da shi, bai daɗe ba Allah ya karɓi abinsa. Na ce maka dangi ne suka haɗa kuɗin magani. Dangi sun haɗa, Allah ya saka masu, amma abin da suka haɗa ko kuɗin mota bai cika ba. Ni da Baba Sanda muka je wurin Alhaji Gado, uban mijin Dije, muka jinginar masa da gonar gawo a kan jika ɗari da hamsin na sefa. Cikin abin da ya rage bayan sadakar arba'in na ba ka kuɗin motar da ka tafi da shi. Ka tafi ruwa bai sauka ba, shi ya sa ba ka ga ƴan ƙwadagon Alhaji cikin gonar ubanka ba. Ka san ƙa'idar jingina: yana nomawa yana ci, har ranar da aka maido masa da kuɗinsa. Damina uku ke nan yana ci.

Kada ka ɗauka zama na yi. Duk abin da hannuna ya samu, gidan Alhaji nake nufa da shi. Waken gayaunata, kaji, tabarmin kaba da nake saƙawa har yatsuna su tsage. Bara har tunkiyar da na yi wa kiwo na ja na kai masa ana gobe jajiberin Layya. Sai in durƙusa daga bakin zaure, fuskata gefe, in ce, "Ga ɗan abin gaisuwa." Shi kuma daga ciki ya ce, "Madalla, Allah ya yi albarka." In tashi in dawo gida, ina ragewa a raina, ina jin nauyin yana sauka.

Suruki ne, ɗana. Ɗiyata tana cikin gidansa, tana cin tuwonsa. Da wane baki zan dube shi in ce ya cire wannan daga bashi? Na ɗauka shi ma yana ragewa a nasa ran, mun gane juna ba sai an faɗa ba.

Da aka gama ɗaure hatsin bana, Baba Sanda ya shigo da labari. Wai Alhaji ya ce in muna so zai yi ciko ya saye gonar gaba ɗaya, kowa ya huta. Na ce ciko na me, bayan na biya fiye da rabi? Ya dube ni, ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ya ce, "Matar yaya, wa ya shaida? Kazar ce za ta taso daga tukunya ta zo ta ba da shaida?"

Ba na zargin Alhaji, kai ma kada ka zarge shi. Gaisuwa na ce, gaisuwa ya karɓa. Har tukwici yake aiko mani, turmin atamfa da Salla, ni kuwa ina ɗaurawa ina murna, ban gane ramuwar gaisuwata ce yake yi ba.

Na shiga ɗaki na kwanta, ko wuta ban hura ba ranar. Gwaggo Kande ce ta ɗaga murya daga kan gadonta. Ta ce, "Ke dai an yi wawuya mai ladabi! Kin shekara uku kina zuba ruwa cikin rairayi, yanzu kuma za ki kwanta ki jira ya tsiro? Tashi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi." Daga nan ta shiga maganarta ta kullum, cewa kakanninku sun ƙulla alkawari da Doguwa, iskar borinsu, a gindin gawon nan, in aka sayar da gonar ita ba ta da bakin da za ta yi mata bayani. Ni ban san wannan ba, salla nake yi. Abin da na sani shi ne a gindin gawon nan nake shimfiɗa zanena in kwantar da kai in shiga noma, in na jiyo kukanka in yar da hauya in taho da gudu. Gwaggo tana zaune kusa da kai, ta ce in koma, wai ɗan fari ba a rawar jiki a kansa gaban mutane. Sai in koma, nono yana zuba.

Ranar Jumma'ar da ta biyo na yafa mayafi na tafi ƙofar maigari. Liman yana nan, Alhaji yana nan, maza sun cika tabarma. Tunda nake ban taɓa magana a wurin ba. Na durƙusa na ce ana bina bashi, na faɗi yawansa, na faɗi mai shi, na faɗi abin da na riƙa kaiwa da abin da nake nufi da shi. Can Alhaji ya gyara zama ya ce, "Uwar Dije, da kin faɗa tun farko, ai da ban ci tunkiyar nan da daɗi haka ba." Aka yi dariya, ni ma na yi, hawaye yana zuba. Ya ce a cire kuɗin tunkiya daga bashi. Sauran kuwa an ci an wanke hannu, gaskiyarsa ce.

To, na soma biya, wannan karon da baki. Tunda jingina ba a fansarta da guntu-guntu, liman ne ke riƙe mani. Ranar Lahadi ina bin amalanken maƙwabta zuwa kasuwar Filinge da tabarmi da kwanon kopto, kwaɗon ganyen nan. Abin da na samu, kafin in shiga gida sai in biya ta ƙofar liman, gaban mutum biyu, in ce, "Wannan na bashi ne." Da farko sai an matso kusa ake jin maganar. Yanzu tana fita. Na sayar da tasoshin jerena, ban bar sai na girki. Na shiga adashin matan unguwa, kwasata tana tsakiyar rani. Da sunan jaririn Dije ban kai kayan da ya kamata uwa ta kai ba, na ji abin da mata suka faɗa a bayana, na haɗiye. In an haɗa da kuɗin tunkiya, na kusa kashi ɗaya cikin uku. Na gaji, ba zan ɓoye maka ba. Akwai Lahadin da nake dawowa da tabarmin da na tafi da su, ba wanda ya ko taya.

Ga inda maganar ta zo kanka. Alhaji ya riga ya yi magana da wani Bahillace, da zarar an saki gonaki zai sauke garkensa a gonar gawo su kwana su zuba taki. Ka san al'adarmu, wanda ya sa taki sai ya ci takinsa. In shanun nan suka kwana a ciki, ko na kawo kuɗin cif ba za mu karɓi gonar ba sai bayan wasu daminu uku. Bayana ba zai kai ni can ba, kuma Baba Sanda kullum yana kunnen maigari da maganar ciko. Na roƙi Alhaji ya dakatar da shanun. Ya ce zai dakatar, har ya jira ni zuwa faɗuwar ruwa, in dai magajin gonar ya ce yana sonta kuma zai zo ya noma. Ya ce shi ba zai hana ƙasa taki ba saboda wanda ba a san ko zai dawo ba. Baba Sanda kuma ya ce yaron da ya sha ruwan Kurmi ya manta da hauya. Maigari ya yanke cewa gona ta magada ce, kai ne babba, bakinka ake jira. Za a sake zama ranar Jumma'ar farko ta watan azumin tsofaffi, bayan an sauko daga masallaci. In ba a ji daga gare ka ba, maganar Baba Sanda ce za ta tsaya, tunda shi ne uba.

Ba kuɗi nake roƙonka ba. Ka sake karanta wannan layin.

Wani mutumin Damana ya ce ya hango ka kana dako a kasuwar katako, wai ka rame. Tun ranar nake ta saƙe-saƙe. Kana ci? Ciwo ne? Ko an kama ka ne kan takardu? In kuwa lafiyarka lau, to na san abin da ya rufe maka baki. Ranar da za ka tafi ka ce za ka rufa mani ɗaki da kwano, ka sayo amalanke. Yanzu kana ganin kiran gida hannu wofi abin kunya ne, gara a yi shiru har a samu. A nonona ka sha wannan halin, ɗana. Ka ga inda ya kai ni. Kada ka jira sai ka tara, ɗakina na kara bai taɓa hana ni kwana ba, shirunka ne ke hanawa.

Ni dai ina so gonar ta tsaya, in ga ka shuka ta ko da sau ɗaya kafin in bi mahaifinka. Amma in ka duba rayuwarka ka ga ba za ka dawo noma ba, ka faɗa. Ba zan yi maka baki ba, wallahi. Zan karɓi abin da na tara wurin liman, a yi cikon, a raba maku kai da Dije, in huta da kasuwar Lahadi. Kowanne ka zaɓa, ka faɗe shi da bakinka, kada wani ya faɗa maka.

Allah ya tsare mani kai daga sharrin hanya da sharrin abokin banza. Allah ya sa wa neman da kake albarka, ya ba ka mai ba ka ruwa in ka kwanta ciwo. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sauke mana nauyin da ke kanmu tun muna da rai.

Ka aiko da muryarka ta wayar mijin Dije, ka faɗi sunanka da na ubanka yadda maigari zai ji, ka faɗi abin da ka yanke. Ta iso kafin Jumma'ar farko ta watan azumin tsofaffi, ko da daren Alhamis ne. Ni zan je ƙofar maigari ranar, ko da muryarka ko babu. Amma na gaji da tsayuwa ni kaɗai gaban maza, ɗana.

Wassalam.

Mahaifiyarka, uwar Dije.