Amsar da ke Aljihun Kawu

Zuwa ga Gwaggo,

Gaisuwa da fatan alheri. Ki gafarce ni da na yi ƙarfin halin rubuto miki, alhali ko a gida ban taɓa iya haɗa ido da ke ba. A makarantar kwana an hana mu waya, shi ya sa na ba Kawu direba wannan takarda.

Gwaggo, tunda kin daɗe kina aikin banki, ki taimake ni. A darasin akanta akwai daidaita littafin kuɗi na ɗan kasuwa da takardar bayanin asusu da banki ke aiko masa. Jimillar biyun ba ta taɓa zuwa ɗaya, ni kuma sai in yi ta goge ɗaya har takarda ta huje. Malaminmu ya ce duk wadda ta faɗi gwajin ƙarshen wata ba zai sa sunanta a babbar jarrabawa ba. Wanne ne ke ƙarya, littafin ko bankin?

Taki cikin ladabi,
'yar ƙaninki

Zuwa ga Gwaggo,

Ina sake gaishe ki. Da na ji shiru, na san na yi rashin kunya. Don Allah ki yafe mini, kada ki gaya wa Baba. Zan yi iya ƙoƙarina ni kaɗai.

'Yar ƙaninki

Ke 'yar nan,

Ina amsawa. Wane rashin kunya kuma? Ranar da takardarki ta farko ta zo na zauna na cika shafi biyu, na ba kawunki. Shi kuwa kin san shi, yana can yana yawo da ita a aljihu. Wannan ta hannun matar maƙwabcinmu na aiko.

To tsaya. A wurina amsa ta fita, a wurinki ba ta iso ba. Ni da ke, wa ya yi ƙarya? Haka caki yake. Ɗan kasuwa ya rubuta, ya cire a littafinsa, amma wanda aka ba bai kai banki ba tukuna. Sai ki bi layi-layi, ki yi wa abin da ya fito a duka biyun alama. Abin da banki kaɗai ya sani, kamar cajin da ya cire, ki shigar a littafi. Abin da ke kan hanya kuwa, jera shi za ki yi, ba gogewa ba.

Ki ajiye abin gogewar nan, kuma ki riƙa cin abinci.

Gwaggonki

Zuwa ga Gwaggo,

Gaisuwa mai yawa. An kafe sunaye a ƙofar aji, nawa yana ciki. Da jimilla ta zo ɗaya a gwajin, sai da na rufe bakina da hannu. Mai gadon da ke saman nawa ma na koya mata, ita ma ta samu. Allah ya saka miki, Gwaggo. Ban san yadda zan faɗa ba.

Yanzu mun shiga raguwar darajar kaya, kuma na fara ganin duhu. Idan ba zan takura miki ba, ko kin yarda in sake rubutowa?

Taki,
'yar ƙaninki