Mutuwar Kasko a Ɗakin Takubba

Torun, 3 ga Maris

Yaya Bogumil,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da gwiwar nan taka. Tunda ka daina ɗaukar wayata na koma takarda. Na san za ka ce halin masu karatun littattafan soyayya ne. Ka faɗa, amma ka karanta.

Lahadi uku ke nan ba ka zo cin abinci gidan Mama ba. Sai dai ta zuba maka miya, ta bar ta ta huce.

Shekara shida da suka wuce ku huɗu ne a ɗakin ƙasa na cocin unguwa, da takubban roba. Kai kana karanta tsohon kundin nan na Jamusawa mai koyar da wasan takobi, Witek yana shan duka. A can na fara ganinsa, hanci na zubar da jini, na ce a raina wannan ne mijina. Yau ɗalibanku casa'in da uku, da takubban ƙarfe, amma ba kwa iya haɗa ido.

Maganar ranar nan ta hana ni sakat. Witek ya ce, "Malam, yara gasa suke so. Wa zai shekara yana nazarin shafi ɗaya?" Ka ce, "Kai dai maki kake nema, kana sara kamar mai korar ƙuda." Ya ce, "Kai kuma ka auri kundin mana!" Ni kuwa, don a yi dariya, na ce a littattafaina takobi ke raba irin wannan gardama. Ba wanda ya yi dariya.

Yanzu kullum da safe yana tsakar gida yana saran iska. Yaya, me kuka ƙulla?

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Kalina

*

7 ga Maris

Kalina,

Ina gaida ki. Gwiwa da sauƙi.

Kin samu labarin da kike so. Asabar mai zuwa, a gaban ɗalibai duka. Wanda ya fara samun sara biyar ya ci, wanda aka ci ya ajiye mabuɗinsa ya bar kulob. Idan muka sari juna lokaci guda har sau uku, duk mun faɗi, kamar yadda dokarmu ta ce: gawa ba ta cin gasa.

Kada ki sa kuka. Takubban ba kaifi, ga hular raga mai kare fuska, ba wanda zai mutu a cinyarki yana karanta wasiyya.

Saura alƙali. Ɗalibai duk sun rabu, rabi nawa, rabi nasa. Mutum ɗaya muka yarda da shi, wanda ya shekara huɗu yana riƙe mana sandar alƙalanci. Mijinki bai iya faɗa miki ba, shi ya sa na faɗa. Ke ce.

Ki gaida Mama.

Yayanki,
Bogumil

*

Torun, 16 ga Maris

Yaya Bogumil,

Ina gaisuwa, in har za ka karɓa.

Kana wurin, amma ba ka ga abin da na gani ba. Huɗu da huɗu kuke, kun riga kun sari juna tare sau biyu. Ina tsaye tsakaninku da sandata. Na tuna yadda nake ɗokin irin wannan shafi a littafi, har in tsallake wasu don in iso shi. Ashe ba a tsallake komai idan kai ne a tsakiya.

Sai kuka sake kai wa juna sara. Na ɗaga sanda na ce, "Tare!" Na yi zaton za ku cire huluna ku ga wautarku, ku rungumi juna, a tafi shan shayi. Sai kai ka ajiye mabuɗinka a gabana, shi ma ya ajiye nasa, kowa ya bi ƙofarsa. Mutuwar kasko. Wata ɗaliba, Ludmila, ta tambaye ni, "Anti, to ranar Talata akwai darasi?" Na kwashe mabuɗan biyu na sa a aljihu.

Ga abin da ya sa na rubuto. Ba tare ba ne. Takobinka ne ya fara sauka a kansa, nasa ya biyo baya a kafaɗarka bayan na riga na ga naka. Kai ka ci, Yaya. Na dubi mijina, na kasa faɗin gaskiya.

Kwana biyu Witek bai yi min magana ba. Yana cin abinci kai a sunkuye. Ina jin yana ganin shi ya fara sara, ni na hana shi nasararsa.

In na faɗi gaskiya, ka dawo ɗakin da ka gina, shi kuma ya fita shi kaɗai, a gaban ɗalibansa, da bakin matarsa. In na yi shiru, na sace maka shekara shida. Ka faɗa min abin da zan yi. Duk abin da ka ce, zan yi.

Taka har kullum,
Kalina

*

19 ga Maris

Kalina,

Ina gaida ki.

Na sani. Hannu yana jin lokacin da ƙarfe ya sauka.

Shi ma ya sani, ai kansa aka sara. Ba fushi yake da ke ba. Kunya ce: matarsa ta yi ƙarya dominsa, shi kuma ya ji, ya yi shiru.

Kada ki faɗa wa kowa. Abin da alƙali ya yanke ya zauna, haka na koya wa yaran nan, ba zan warware ba don ya zo kaina.

Mabuɗan suna hannunki. Ki buɗe musu ranar Talata. Idan mijinki ya iya ɗaga kai ya shiga, ki bar shi ya koyar. Ni kada ku jira ni.

Allah ya ba ku zaman lafiya.

Yayanki,
Bogumil