Taku Ɗaya, Baba

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ɗiya ga uba, da fatan makwancinka ya yi sanyi, ina sanar da kai cewa na taɓa motarka. Na san ba ka so. Sai dai ba ka nan balle ka hana.

Kura ce ta faɗo a rabona, tsohuwar motar nan da ta girme ni. Ranar rabon gado ba wanda ya yi gardama. Mota mai lotsattsen gaba, wadda ta kashe mai ita, ai daidai mace ce.

Ka tuna birkinta? Mai ganga ne, da ya sha ruwa sai ya yi barci. Duk damina, in muka ratsa ruwan da ke ƙetare hanya kusa da Ceberu, sai ka taka shi sau uku, ka ce kamar alwala ne, na uku shi ke cika sunna. Muna ƙanana mukan ƙirga tare da kai, muna dariya.

Da na dawo daga jami'a na daina dariyar. Na ce a sa mata birki mai faifai a gaba, wanda ruwa ba ya zama a cikinsa. Ka ce, "Ɗiyata, ba a canza wa tsohuwa ƙafa." Na sake faɗa bayan shekara, ka ce boko ya koya mini tsoro. Na uku ban faɗa ba. Na yi fushi irin na masu ilimi, na kama bakina. Ka ga ni ban cika sunnar ba.

Ranar hatsarin kuwa ka fito daga ruwan, ga tipar yashi ta mutu a gabanka. Direbanta, da ya sauko yana tsaye a bakin ruwan, ya ce da ka wuce shi ya ga fitilar birkinka ta haska sau biyu.

A zaman makoki ƙanenka, Baffa Sani, ya fi kowa wa'azi. Kwana ne ya ƙare, in ji shi, ko birkin jirgin sama aka sa mata. Na yarda da ƙaddara, Baba. Abin da ban sani ba shi ne tana da wakili a Kalgo.

Don kuwa a can na samo kayan. Mamman bakanike ya ce sai an sami ƙanwar Kura, irin wadda aka ƙera daga baya, a ciro birkin gabanta. Bai gama kwatance ba na gane ta. Motar Baffa Sani ce, wadda injinta ya buga shekara shida da suka wuce, tana kwance a bayan gidansa a Kalgo, kaji na ƙwai a kujerar baya. Kai ma ka sha shimfiɗa tabarma a inuwarta.

Bai hana ni ba. Ya ce in ɗauka, sadaka ce ga mamaci. Na durƙusa na yi godiya, yadda ka koya mini.

Kwana huɗu aka yi. Aka kwance gangunan, aka goge tsatsar faifan, aka ɗaura shi da abin da ke matse shi, aka sa sabon tiyo da sabon mai. Ramukan ƙusoshin suka zo daidai, ko ƙarfe ba a yanka ba. Wannan ya fi komai yi mini ciwo. Na so a ce an sha wahala.

Wurin fitar da iska daga birkin, Mamman ya sa ni a kujerarka, yana ƙarƙashi yana cewa in taka, in taka, in riƙe. Kujerar har yanzu da lotsawar jikinka.

Jiya na bi hanyar Gwandu bayan ruwa ya ɗauke. Na ratsa ruwan Ceberu da gudunka, na taka. Taku ɗaya, Baba. Ta tsaya cak. Na fito na auna da ƙafa zuwa inda tipar ta tsaya: tsawon tabarma uku ya rage.

Da na koma ciki na ga ƙafata ta ƙara taka shi sau biyu, ba da izinina ba.

Ban huce ba tukuna, da kai, da Baffa, da bakina da na kama. Amma gobara daga kogi ce kewarka, ban san inda zan ɗebo ruwa ba.

Allah ya gafarta maka taurin kai, ya gafarta mini shiru, ya sa ka ƙetare siraɗi ba tare da ka nemi birki ba.

Ɗiyarka mai tsoro,
Hadiza