Guntu Biyu a Ƙusar Madam Storrow

Cikin alhini da nauyin zuciya, Ƙungiyar Tsofaffin Masu Yanka da Haɗa Fim ta birnin Los Angeles ke sanar da 'ya'yanta, da abokan sana'a, da jama'a baki ɗaya, cewa ta samu labarin rasuwar uwarta kuma shugabarta ta farko, mai girma Madam Ottilie Storrow, wadda Allah Ya yi wa cikawa ranar Talatar da ta gabata da hantsi, tana zaune a kujerar aikinta da almakashi a cinya, tana da shekara tamanin da ɗoriya.

Marigayiyar ta shiga kamfanin fim na Larkfield tun zamanin da fim ba ya magana, lokacin da ake zuba mata a ɗakin yanka don an ɗauka aikin bai wuce ɗinki ba. Daga hanci zuwa yatsa take auna zaren fim, ta ɗaga shi saitin taga, ta datsa, ta liƙa da gam. Kafin manyan daraktoci su ankara, ba wanda ke yarda fim ɗinsa ya hau allon majigi bai bi ta hannunta ba. Ba za mu ce tana da sanyin hali ba, don waɗanda suka sha faɗanta suna nan da ransu. Mai sa hannu a wannan takarda ma ya zo ne don ya zama ɗan wasa. Ita ta yanke shi ɗungurungum daga fim ɗinsa na fari, ta tare shi a bakin ƙofa ta ce, “Ɗan samari, wannan fuskar taka ko uwarka ba za ta biya kuɗin kallo ba. Amma na ga hannunka ba ya rawa. Zo ka riƙe almakashi.”

Sai dai akwai hidimar da ba a taɓa rubuta sunanta a allo dominta ba. Duk guntun fim da aka yanke, kamfani a shara yake zubawa ko ya ƙone. Madam Storrow kuwa ba ta yarda a ƙone fuskar mutum ba. Duk ɗan wasan da ta cire daga fim, komai ƙanƙantarsa, sai ta adana guntunsa a gwangwani, ranar da ya rasu ta sa baƙar hularta ta kai wa iyalansa da kanta, a sa masa a akwatin gawa. Takan ce, “Ni na raba shi da abinsa, ni zan mayar masa.”

Abin da mu na ɗakin yanka muka sani, muke kuma kau da kai daga gare shi, shi ne akwai wata ƙusa a jikin tagarta inda take rataye guntun da za ta kai, kuma ba ta jiran labarin rasuwar mai shi ya iso. Haka muka wayi gari muka ga guntun Chester Dunavan, wanda ya taɓa fitowa a ɗan aike, yana lilo a ƙusar, alhali mutumin lafiyarsa ƙalau, har mun ci gasasshen nama da shi a ƙarshen makon. Mako bai zagayo ba muka raka shi makwanci. Da aka yi ƙarfin halin tambayarta, sai ta ce, “Ni me na sani? Hannuna ne ya kai kansa.” Daga ranar, duk wanda ya shiga ɗakin, ƙasa yake kallo har ya wuce tagar.

Ƙungiya na ganin wajibi ne ta shaida wa jama'a cewa a safiyar rasuwar, 'yar ƙanenta, Madam Arlene Kessel, ta tarar da guntu biyu a ƙusar, suna ɗan motsi ko da yake tagar a rufe take. Na farko wata budurwa ce ta juyo tana dariya, tana kare fuska da hannu. Marigayiyar ce, wadda duk muka rantse ba ta taɓa tsayawa gaban kyamara ba. An riga an sa mata shi a akwati. Na biyun wani saurayi ne siriri, gashi ya leƙo ta ƙarƙashin hular da ta yi masa yawa. Madam Kessel ta ɗaga shi saitin haske ta jima tana kallo, sannan ta dube ni ta ce, “Kawu Elwood, ashe ka taɓa yin gashi? In kawo maka gida, ko za ka tafi da shi yanzu?” Ba ta san zancen ƙusar ba. Tsoro ne ya kama ni, kuma har yanzu bai sake ni ba.

A madadin shugabanni, da kwamitin amintattu, da ɗaukacin 'ya'yan wannan ƙungiya, muna miƙa ta'aziyyarmu ga Madam Kessel da sauran dangi, muna roƙon Allah Ya jiƙan marigayiyar, Ya ba su haƙuri da juriyar wannan babban rashi. Za a yi jana'iza ranar Asabar da safe a majami'ar unguwarsu. Muna kuma roƙon iyalan, cikin ladabi, da su bar guntu na biyu a inda ta rataye shi, kada su yi gaggawar cika mata wannan amana.

Na sa hannu, da hannun da ta taɓa cewa ba ya rawa,

Elwood Brandvold
Sakatare kuma Kakakin Ƙungiya
Los Angeles, Maris 1968